KYAN GIDA BA SAI DA BASHI BA

'Yan'uwa manoma, maza da mata, na ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa: A wannan fitowa mun ajiye maganar iri da taki, za mu yi maganar gida, watau inda mu ke kwana mu tashi, da irin kayan da ranmu ya ke so mu gani a cikinsa. Watakila wani ya ce, ina ruwan takardar manoma da adon ɗaki? To, da ruwanta ƙwarai, gama kuɗin gado da labule da kwanon rufi daga rumbu su ke fitowa. Duk abin da ya shiga ɗaki da kaka, an rage shi ne daga abin da zai shiga gona da damina.

Ga ra'ayinmu a taƙaice. Son gida mai kyau ba laifi ba ne, manomi kuma ya cancanci ya zauna a wurin da ba zai ji kunyar shigo da baƙo ba. Amma yawancin abin da ke sa gida ya yi kyau, ya yi sanyi, ya yi daɗin zama, yana nan a gonakinmu da fadamunmu da hannuwan mutanenmu. 'Yan kuɗin da mu ke da su, sai mu kashe su a kan abin da hannunmu ba ya iya yi, wanda kuma zai tsare lafiyar iyali. Rancen ƙungiya kuwa na gona ne, kada ko kwabo ya shiga kayan ɗaki.

YADDA KUƊIN KAKA SU KE TAFIYA

Kowa ya san yadda abin ya ke. Da zarar an karya masara a Doguwa, an yanki shinkafa a Tudun Wada, an fara kai amfani Kwanar Dangora, sai masu kayan roba da kafintoci da masu yadi su cika kasuwa. Lokacin ne kuma na bukukuwan aure da na ƙarshen shekara. Kowa yana so ya sayar a lokaci ɗaya, saboda haka farashi ya kan faɗi. Hatsinmu ya hau mota ya tafi Dawanau ya kwanta a sito. In watan Yuli da Agusta suka zo, rumbu ya yi ƙasa, sai a koma kasuwa a auno a tiya abin da aka sayar a buhu, a yawancin shekaru da tsada fiye da yadda aka sayar.

Wanda ya ci bashi domin ya yi ado, nasa ya fi muni. A 2025 manoma da yawa a arewa sun koka, domin farashin masara da shinkafa ya faɗi ƙwarai, taki kuwa yana da tsada. Bashi ba ya faɗuwa tare da farashi. Mutumin da ya yi lissafi zai biya da buhu biyar, in farashi ya ragu da rabi, buhu goma zai fitar. Kujerar da ya saya tana nan a ɗaki, amma ba za a dafa ta a ci ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne kayan ɗakin amarya. Kakanninmu mata jeren ƙorai su ke yi. Daga baya aka koma tasa da langa, sa'an nan samira. Yanzu sai gado babba da katifa da kujeru da kabad, har da firiji a ƙauyen da babu wutar lantarki. Ran jere mata su kan shiga su ƙirga, gobe kuma uwar wata yarinya ta ce tata ba za ta gaza wannan ba. A nan ne uba ya kan sayar da shanun huɗa, ko ya jinginar da gona. Nauyin nan bai tsaya a ƙauye kaɗai ba. Tun 2012 gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da mutane da yawa a rana ɗaya tana saya musu kayan ɗaki, a watan Oktoba na 2023 kuma ta aurar da mata 1,800 ta wannan hanya. Abin da har gwamnati ta ga ya fi ƙarfin talakan birni, yaya zai yi wa manomi mai gona ɗaya?

Dattawanmu suna tune da 1975, sa'ad da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji. Kuɗi suka yi yawa a birni, kowa ya shiga sayen rediyo da babur da kujerun kushin, jiragen ruwa cike da siminti suka yi cunkoso a tashar Ikko. A zamanin nan ne ra'ayin nan ya yi ƙarfi, cewa ɗakin ƙasa alamar talauci ne, bulo da kwano kuwa alamar ci gaba. Kuɗin Udoji sun daɗe da ƙarewa, ra'ayin bai ƙare ba. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dakon kowane kaya ya tashi, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Ƙasar gini kuwa tana nan bayan gari.

ABUBUWAN DA MU KE ƘAUNA A GIDA

Bari mu lissafa waɗansu abubuwa da mu ke ganin sun fi ƙawata gidan manomi, mu ga nawa ne a cikinsu sai an je kanti.

Na fari shi ne daɓe. A zuba tsakuwa ko marmara a ɗaki, a baje, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kwanta. Sa'an nan a kawo makuba, watau ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa har ruwan ya yi ja, a yayyafa ana bugu. In ya bushe sai ya yi ƙarfi, ya yi sheƙi, ya yi launi ja mai duhu. Ba ya tashin ƙura in ana shara, da bazara kuma yaro ya kan kwanta a kai ya yi barci don sanyi. Ledar ɗaki ta kanti, in an shimfiɗa ta a ƙasa marar daɓe, ba ta daɗewa ta ke yagewa, ƙarƙashinta kuma laima da ƙwari su taru.

Na biyu shi ne bango mai yaɓe. In an kwaɓa ƙasa da ramno aka bar ta ta kwana biyu, aka yaɓe bango sumul, aka shafe waje da makuba, ciki kuma da farar ƙasa, ɗaki ya kan yi haske ko da taga ɗaya ce. Tun yaɓe yana ɗanye a ke zana dagi ko wata ko ganye a bakin ƙofa, da yatsa ko da tsinke. Shi ya sa Hausawa su ke cewa tun ran gini tun ran zane. Jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin gawayi sun isa launi uku, ba a sayi fenti ba.

Na uku su ne kayan saƙa. Faifai da lefe da tabarmar kaba, da zana ta gamba, da asabari a bakin ƙofa. Faifai biyar ko bakwai masu launi, in an jera su a farin bango, sun fi kalandar kamfani kyau nesa ba kusa ba, gobe kuma a sauko da ɗaya a rufe fura. Launinsu ma daga gona ya ke: ja daga karan dafi, shuɗi daga baba, rawaya daga saiwar rawaya.

Na huɗu su ne ƙwarya da akushi da randa. Duma a bayan danga ya ke yaɗo, ba ya neman taki mai yawa. Ƙwaryar da aka fafe aka yi mata zane da wuƙa mai zafi ado ce, kuma ma'aikaciya ce. In ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke. Robar da ta tsage kuwa sai juji, akuya ta ci ta kumbura. Randa a gindin inuwa, an ɗora ta a kan yashi mai laima, an rufe da faifai mai tsabta, ita ce firijin da ba ya jiran a kawo wuta.

Na biyar shi ne itace a tsakar gida. Mangwaro ko gwaba ko lemun tsami a tsakiya, zogale da lalle a jikin danga, gwanda kusa da inda ruwan wanke-wanke ke bi. Babu kujerar da ta kai tabarma a inuwar mangwaro daɗi da la'asar. Zogale kuma ya shiga tukunya, yara su ci gwaba ba da kuɗi ba.

Na shida, wanda ya fi duka, shi ne rumbu cikakke da tsakar gida shararriya. Baƙon da ya san noma, in ya shigo gida, idonsa a kan rumbu ya ke fara sauka. Rumbun da aka ɗora a kan duwatsu, aka yaɓe shi, aka sa masa sabuwar jinka, shi ke faɗin ko wane ne maigidan.

INA ZA MU SAMO FASALI?

'Yan matanmu da samarinmu suna ganin ɗakuna a fim da cikin wayar hannu, suna cewa irin wannan mu ke so. Ba mu hana kowa kallo ba. Amma a tuna ɗakin fim na haya ne, an shirya shi domin a ɗauki hoto a tashi. Akwai wuraren da suka fi wannan cancanta mu duba.

Duk wanda ya shiga Kano, ya ɗan ratsa Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo da jerin azara a rufin soraye. Ƙasa ce da itacen giginya. A Zariya kuma akwai aikin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19, har yau masu koyon zanen gini a jami'o'i suna nazarinsa. A garin Yama, cikin jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa tare da mutanen garinsu, a 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda magina na duniya su ke takara a kanta.

Ga kuma na zamaninmu. Francis Kere ɗan ƙauyen Gando ne a Burkina Faso. Ya yi karatun gini a Jamus, ya komo ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da aka gama a 2001. Da bulon ƙasa ya gina ta, mutanen ƙauye ne kuma suka yi aikin da hannunsu. Dabararsa ita ce ya ɗaga kwanon rufi sama, ya bar fili tsakaninsa da rufin ɗaki, domin iska ta ratsa ta kwashe zafi, ya kuma sa kwanon ya zarce bango sosai domin ruwa kada ya doke shi. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'ar zanen gini, shi ne kuwa ɗan Afirka na fari da ya same ta. Wannan dabara kafintan ƙauye zai iya yin irinta.

Mata kuma su dubi bayan takardar naira 20. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce. A ƙauye ta koyi ginin tukwane, irin na ɗebo ruwa da girki. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta tsohuwar Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja, aka kai aikinta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Zanen ƙadangare da kifi da kunama da ta ke yi a jikin tulu, abin da ta ke gani ne a ƙauyensu. Haka kuma Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana bushewa yana janye zafi, tumatir da tattasai su daɗe ba su lalace ba, musamman da rani. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan. Mu da ke maƙwabtaka da Kadawa, inda tumatir ke ruɓewa in ya yi yawa, ai mun fi kowa bukatar wannan tukunya.

Abin lura shi ne, duk mutanen nan da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu suka yi suna. Mu ma muna da namu. Ga marina a Kura, kusa da mu, waɗanda baƙin rininsu ya kai har cikin Sahara. Ga duwatsu a Riruwai da sauran tuddan Doguwa domin harsashin gini. Ga gamba da kara da yumɓu a fadamu. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya ci ƙauyuka, mutane suka koma sabon wuri suka sāke kafa gidaje. Yawancin aikin da hannunsu da na 'yan'uwansu suka yi shi. Jikokinsu ba su rasa wannan hannu ba, sai dai in sun ƙi koyo.

ABIN DA MASU MUSU SU KE CEWA

Mun san akwai masu cewa wannan magana ta mai ƙoshi ce, kuma suna da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Bari mu ɗauki hujjojinsu ɗaya ɗaya.

Suna cewa ɗakin ƙasa yana rushewa da damina, har ya kashe mutane. Gaskiya ne, kowace shekara a na jin wannan a watan Agusta da Satumba, ƙasarmu ta kudu kuwa ta fi birnin Kano samun ruwa. Amma ku duba ɗakin da ya faɗi. Za ku tarar ko ruwa ya kwanta a gindinsa, ko rufi yana zuba a kan bango, ko an shekara uku ba a yi yaɓe ba. Maganinsa harsashin dutse da ya ɗaga sama da ƙasa, da rufi mai zarce bango, da indararo mai tsawo, da kwata da za ta fitar da ruwa daga gida. Mai ɗan hali ya sa siminti a inda ya fi amfani, watau gindin bango. Akwai kuma bulon ƙasa da a ke matsewa da inji, a na zuba awo ɗaya na siminti cikin awo 15 zuwa 20 na ƙasa. Ƙungiya za ta iya sayen injin hannu ɗaya ta riƙa ba da haya. Ɗakin da bangonsa ya riga ya tsage daga sama har ƙasa kuwa, kada a kwana a ciki da damina, ko da wane irin zane ne a jikinsa.

Suna cewa jinka tana kama wuta, tana kuma bukatar sabuntawa. Wannan ma gaskiya ne, ba mu ce kowa ya cire kwanonsa ba. Kwano yana da amfani, har ruwan sama a kan tara da shi. Laifinsa zafi da bazara, sa'ad da rana ta kan kai awo 40, da sanyi da hunturu, da ƙara in ana ruwa. In za a sa shi, a ɗaga shi, a yi rufin ciki da asabari ko zana a ƙarƙashinsa, a bar tagogi biyu masu fuskantar juna. A riƙa duba rufin cikin saboda ɓera. Mai jinka kuma ya nisanta madafa da ɗakin kwana da rumbu.

Suna cewa daɓe da yaɓe da saƙa duk wahalar mata ce, mata kuwa aiki ya riga ya yi musu yawa. Wannan hujja ta fi sauran nauyi, kuma maza ya kamata su ji ta. A dā daɓe gayya ce, mata su taru su yi na wannan yau, na waccan jibi, ana raha ana cin abinci. Abin da ya kashe shi shi ne aka bar mace ɗaya da shi. Maza su kawo tsakuwa da ruwa a amalanke, su yi kwaɓi, su yi yaɓen sama. Wadda ta saƙa faifai ko tabarma kuma a biya ta kuɗinta, kada a ce ai 'yar'uwa ce. In muna sayen kayan junanmu, kuɗin suna juyawa a cikin gari.

Suna cewa za a yi wa 'yarsu gori a gidan miji. Wannan ba abin da gida ɗaya zai iya magancewa ba ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In gari duka ya yarda da iyaka, babu mai yi wa wani gori. Shi ya sa mu ke kawo maganar gaban ƙungiyoyi.

KAYAN KANTI DA SUKA CANCANCI KUƊINMU

Kada a ɗauka muna gāba da kayan zamani. Akwai waɗanda mu ke roƙo a saya tun kafin kujera. Gidan sauro mai magani ga kowane gado da kowace tabarma, musamman mu da ke kusa da Tiga da Bagauda da gonakin shinkafa, inda sauro ba ya ƙarewa. Fitila mai aiki da hasken rana maimakon aci-bal-bal, domin yara su yi karatu da dare, bango kuma ya daina baƙi. Ragar waya a taga. Buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007 domin ajiyar wake ba tare da magani ba. Salga mai murfi, nesa da rijiya kamar mita 30.

Sai kuma madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa. Murhun da aka gina da yumɓu ya kewaye wuta ya fi duwatsu uku tsimin itace, in kuma an yi shi a rumfa mai iska ko ɗaki mai taga a sama, hayaƙi ya kan fita. Uwargidan da ba ta tari, idonta ba ya ruwa, ta fi kabad cike da samira ƙawata gida.

ITACEN DA MU KE SARA

Akwai wani haɗari da ya kamata mu faɗa. Duk kayan adon nan daga itatuwa da ciyayi su ke. Babu makuba in babu ɗorawa, babu kuma kalwar daddawa. Babu azara in babu giginya, ita kuwa ta kan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Babu kaba in babu goriba. Buhunan gawayi da mu ke gani a bakin titi, musamman wajen dajin Falgore, itatuwan nan ne da irinsu. Wanda ya sare ɗorawa domin gawayi ya ci kuɗin mako ɗaya, ya kashe daddawa da makuba da inuwa na shekaru masu yawa. Ran da itatuwan nan suka ƙare, ko muna so ko ba mu so, sai roba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYOYI

Muna roƙon shugabanni su karanta waɗannan a taro na gaba, a yi muhawara, a ɗauki abin da ya dace da kowane gari.

1. A rubuta a dokar ƙungiya cewa rancen noma na noma ne kaɗai. Mai son kayan gida ya shiga adashi dabam, ya saya da abin da ya tara.

2. Kowane gida ya ware abincin shekara da iri kafin ya kai ko tiya ɗaya kasuwa. Inda ƙungiya ke da sito, a tara hatsi a ba mai shi ɗan rance a kansa, kamar yadda ƙungiyoyin manoma su ke yi a Nijar, domin kada bukatar biki ta tilasta masa sayarwa da araha.

3. A sa ranakun gayyar yaɓe da daɓe tsakanin Janairu da Afrilu, kafin ruwa ya sauka. A fara da gidajen gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya.

4. In ɗorawa ta nuna da bazara, kada a zubar da ɓawon. A shanya a tara a buhu domin makuba.

5. A nemi tsofaffin magina da masu saƙar faifai da maginan tukwane da suka rage a gari, a biya su daga asusun ƙungiya su koya wa samari da 'yan mata. In sun tafi da saninsu, ba a kanti za mu same shi ba.

6. Dattawa da zumuntar mata su zauna su yanka iyakar kayan ɗakin amarya, a kuma daina ƙirga ran jere. Abin da aka rage a saya wa amarya akuya biyu ko keken ɗinki, abin da zai haifar mata da wani abu.

7. Kowace ƙungiya ta yi ɗan lambun renon itatuwa. Kowane ɗan ƙungiya ya dasa aƙalla itace biyu a gida, ya kuma bar 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya da suka tsiro a gona su girma.

8. Sau ɗaya a shekara a zaga gidaje a ba da kyauta ga wanda ya fi kyau. A ba da maki ga shara, da yaɓe, da inuwa, da salga, da madafa, da rumbu. Kada a ba da maki ko ɗaya ga abin da aka sayo domin ado kawai.

'Yan'uwa, kayan aro ba ya rufe katara. Gidan da aka ƙawata da bashi, maigidansa ba ya barci in ya ji sallama da sassafe. Gidan da aka ƙawata da hannu kuwa, kowane bango yana tuna masa da maƙwabcin da ya taya shi yaɓe, shi ma ya san akwai ranar da zai je ya rama. Irin wannan zumunci shi ne jarin ƙungiyar gama kai tun kafin a buɗe littafin ajiya.

Muna so mu ji daga gare ku. Ƙungiyar da ta gwada gayyar daɓe, ko ta yanka iyakar kayan ɗaki, ta aiko mana da labari ta hannun malamin gona, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, domin sauran su ƙaru. Allah ya sa mu ci amfanin bana lafiya, ya kai mu damina mai albarka.